Bindiga Mai Karkatacciyar Ƙota

Okusawa, 9 ga Oktoba, shekara ta tara ta mulkin Sarki Taisho

Zuwa ga Kawu Ihei, maƙerin bindiga a birnin Akita,

Ganye ya soma ja a kan duwatsunmu, ina fata sanyin bana ya same ka da ƙarfinka. Ni ne Sakuji, ɗan Osen, 'yar baffanka da aka aurar nan cikin dutse. Rabona da kai shekara ashirin da ɗaya, tun ranar jana'izarta, don haka ba zan ji haushi ba in sai ka yi dogon tunani kafin ka tuno ni. Muna lafiya. Matata Kane ce gwiwa ke damu. An girbe shinkafa, ba yabo ba fallasa.

Ni kuwa idona na dama ya tafi. Bara waccan ne tsohuwar bindigar tokar babana ta tofo mini wuta a fuska. Kafin nan shekara goma sha tara ina riƙe da gurbin harbi na sama a farautar beyar, inda dabba ke ɓullowa in masu kora sun taso ta. Da na warke, sai Jinbei, shikarinmu, wanda maganarsa ce doka in an hau dutse, ya ce mai ido ɗaya ba ya tsayawa a gurbi. Ya mayar da ni cikin masu kora. Kawu, shekarata hamsin da ɗaya, ina bin kwari ina ihu tare da waɗanda ni na koya musu ɗaura takalmin ƙanƙara. Na gwada ɗora bindiga a kafaɗar hagu, wata shida ina fama, hannun ya ƙi koyo.

Ga dalilin takardar. Na sayi bindigar Murata ɗaya cikin waɗanda soja suka daina aiki da su, an riga an soke tambarin furen sarki da ke kanta kamar yadda suke yi kafin su sayar. Tsawonta kamar sandar shanya, ga nauyi, ga wurin maƙala banati, sai ka ce beyar zai tsaya a yi masa fareti. Ina so ka rage mata tsawo, ka cire tarkacen soja, ka gyara cikinta ta ci dalmar da nake zubawa da kaina, ka sassaƙa mata sabuwar ƙota. Sannan ka yi mini wata dabara, ko wace iri ce, da mai idon hagu zai yi saiti.

Jinbei ya faɗa a gaban mutane, yana dariya, wai in na huda murfin gangar miso, daddawar wakenmu, sau uku daga taku sittin kafin farautar Afrilu, gurbina na nan. Ya faɗa ne don ya tabbata ba zan iya ba. Ni kuwa na riƙe maganar gam.

Bindigar na tafe a hannun mai dakon kaya.

Ɗanka,
Sakuji

Akita, 2 ga Nuwamba

Yaya Sakuji,

Iskar teku ta fara cizo a nan, amma lafiya lau nake. Ina gaida Yaya Kane, ta riƙa gasa gwiwar da ƙyalle mai zafi safe da yamma.

Ba Kawunka ne ke amsa maka ba. Baba ya rasu tun watan Yuni, kwana huɗu kawai ya yi a kwance. Mun aika takarda Okusawa da sunan mahaifinka, ashe shi ma ya daɗe da tafiya. Ka ga irin zumuncin namu. Ni ce Tome, autarsa, wadda ka kira mai hannun maza ranar jana'izar Gwaggo Osen don na fi ka saurin faskare.

Bindigarka ta iso. Na warware ta, na leƙa cikinta. Ƙarfen lafiyayye ne, sai dai sojan da ya riƙe ta malalaci ne wajen shafa mai. Duk abin da ka lissafa zai yiwu. Maganar ido kuwa, ka bar wahalar da kafaɗar hagu. A karkace za a sassaƙa ƙotar: gindinta ya zauna a kafaɗarka ta dama inda ya saba, wuyanta ya lanƙwaso ya kawo bututun gaban idonka na hagu. Mummuna za ta zama, kuma za a yi maka dariya. Ina da wani guntun itacen kurumi, irin wanda ake ƙota da shi, da ya shekara takwas yana bushewa, da lanƙwasarsa tun daga bishiya. Baba ya sha cewa in jefa shi a murhu, na ƙi.

Amma ka ji wannan kafin ka amsa. Ni zan yi aikin, da hannuna. Shekara goma sha ɗaya ke nan da hannun Baba ya fara rawa, kuma tun daga nan duk ƙotar da ta fita daga shagon nan ni na sassaƙa ta, shi nasa buga tambari. Na san ku mutanen dutse. Na san Uwar Dutsenku da kuke bauta wa mai kishi ce, mace ba ta taɓa kayan farauta, ko tsallaka su ba ta yi. Shi ya sa nake gaya maka tun yanzu. In ba ka so, akwai wani maƙeri a bakin gada. Namiji ne, wannan kam ba shakka, sai dai bai taɓa jin labarin karkatacciyar ƙota ba.

In ka yarda, ka aiko mini da igiya uku: ɗaya daga kafaɗa zuwa yatsan jan kunama kana riƙe da sanda kamar za ka yi harbi, ɗaya daga kafaɗa zuwa ƙarƙashin ido, ɗaya tsakanin idanunka biyu, mai gani da marar gani.

Ƙanwarka,
Tome

Okusawa, 20 ga Nuwamba

Tome,

Na kunna wa Kawu turare a gaban allon kakanni, Kane ta ajiye masa sabuwar shinkafa. Na ji kunyar rubuta wa mamaci takardar neman aiki. Ki yi haƙuri da mu. Kane ta ce ƙyallen ya yi amfani.

Kwana uku ina juya takardarki. Ba ki san girman abin da kika ɗora mini ba. Shekara ashirin da takwas muna tare da Kane, ba ta taɓa ɗaga bindigata ba ko don shara, kewaye ta take yi da tsintsiya. Kafin mu hau dutse kwana bakwai muke yi a ɗaki dabam, mu yi wanka da ruwan ƙanƙara. Mutum goma sha biyar ke hawa, kuma in Uwar Dutse ta yi fushi ba ni kaɗai ƙanƙara za ta rufta wa ba. Kar ki ɗauka ban yarda da wannan ba, ko tsoron Jinbei ne kawai. Na yarda da shi har cikin raina.

Amma na je bayan gida na saro wani reshe mai lanƙwasa, na ɗora a kafaɗa yadda kika kwatanta, sai ga bakinsa ya zo daidai idona. Tome, zama na yi a ƙasa na yi kuka, ƙato da ni.

Ki yi aikin. Abu ɗaya nake roƙo: ki buga tambarin Kawu kamar yadda kuka saba. Ba wanda ya san ya rasu a nan. In ta iso zan turara ta da hayaƙin ganye, in watsa mata gishiri, sauran kuma tsakanina da Uwar Dutse ne. Ga igiyoyin nan a naɗe cikin takarda.

Yayanki,
Sakuji

Akita, 6 ga Disamba

Yaya Sakuji,

Ƙanƙara ta fara zuba. Na yi mura, ta wuce. Na gode da turaren Baba.

Tambarinsa na cikin akwatin gawarsa, ni na saka da hannuna. Ko da yana nan ma ba zan buga ba. Shekara goma sha ɗaya ina bayan labule ina jin maza suna shafa ƙota suna cewa, "Kai, hannun Ihei ba ya tsufa!" Baba ya yi murmushi ya zuba musu shayi, ni kuwa ina can ina cire sartse a yatsa. Ina ƙaunarsa, amma wannan ya ishe ni haka. Nawa tambarin zan ƙona a gindin ƙotar, harafi ɗaya na sunana.

Maganar gishiri kuma. Ni ba gawa ba ce da za a watsa gishiri a bayana. Ka turara ta da duk hayaƙin da ke Okusawa, ba ruwana, amma in gishirinka ya taɓa ƙarfen da na goge har ya yi tsatsa, ni da kai ne.

Yanzu igiyoyi. Faɗa mini gaskiya, a bakin murhu ka auna, da rigar zaman gida, ko ba haka ba? A gurbi kuwa riga uku ce a jikinka, ga fatar kare a kafaɗa. In na yanka ƙota da wannan awon, ranar da beyar ya ɓullo za ta maƙale maka a fata kafin ta kai kafaɗa. Shekara goma sha tara a gurbi, sai da mai hannun maza ta tuna maka! Ka sa kayan dutsenka gaba ɗaya ka sake awo. Ka ba Yaya Kane ta auna ka, in igiya ba ta cikin abubuwan da aka hana ta taɓawa.

Na riga na rage bututun, na cire wurin banati da zobban soja, na gyara cikin. Ƙota ce ta rage. Ka aiko da sabon awo, ka kuma amsa mini kan tambari, e ko a'a.

Tome

Akita, 24 ga Fabrairu

Yaya Sakuji,

Ban san ko kana lafiya ba, don haka ban san irin gaisuwar da zan yi maka ba. Ni dai ina nan da raina.

Kwana tamanin ba amsa. Na gane. Ka ji maganar tambari, tsoro ya kama ka, ka rasa ta inda za ka ce a'a. Da ka faɗa kai tsaye da na fi ganin girmanka.

Ban zauna jiranka ba. Na kamo Tasuke mai tofu, maƙwabcinmu mai sayar da awarar wake, wanda zai yi tsayinka in ban manta ba. Na jibga masa rigunan Baba uku da wata fatar kare da na aro, na tsayar da shi a tsakiyar titi yana nuna jama'a da sandar tsintsiya. Matarsa ta leƙo ta ce, "Tome, in kin gama da shi ki bar masa fatar, ta fi fuskarsa kyau." Bambancin da na samu tsakanin awonsa da riga da babu riga, shi na rage a igiyarka.

Kwana arba'in na yi a kan ƙotar. Sau biyu na kusa karya ta a wuya, inda lanƙwasar take, don nan ne itace ke nuna halinsa. Na shafa mata mai sau goma sha biyu. Sannan na kai ta bakin teku, na ɗaure idona na dama da ƙyalle, na harba ta sau biyar. E, har harba ta na yi, ka ƙara wannan cikin abin da za ka turara. Kafaɗata ta yi mako tana ciwo, amma duk biyar ɗin tafin hannu ɗaya ya rufe su.

Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, kuma ba zan bar ta tana ƙura a shago ba. Ga ta nan tafe. Tambarina na gindinta. In ya tsone maka ido, ka san abin da za ka yi.

Tome

Okusawa, 19 ga Maris

Tome, ƙanwata mai zafin kai,

Muna lafiya, mun fito daga cikin ƙanƙara kamar ɓeraye. Tun tsakiyar Disamba ta zabtaro ta rufe mashigar dutse, mai kai wasiƙu bai sake ganinmu ba sai makon jiya. Takardunki biyu da bindigar a rana ɗaya suka iso. Na karanta faɗan Disamba, ban gama haɗiye shi ba na buɗe na Fabrairu. Kin yi gaskiya kan awon, a bakin murhu na yi. Ki gaida mini mai tofu.

Shekaranjiya aka kafa murfin ganga a gonar Jinbei. Duk ƙauyen ya fito. Da na zare bindigar daga ƙyalle, dariya ta ɓarke. Heiji, wanda ke riƙe da gurbina tun da aka cire ni, ya ce, "Baba Sakuji, ƙafar kare ka sayo a birni?" Wani ya ce, "A'a, doki ne ya zauna a kanta." Wani kuma ya ce a matsa gefe, wannan bayan gida za ta harba. Na sa harsashi. Na ɗaga ta, sai ta zauna a kafaɗa kamar da ita aka haife ni, ba ta taɓa fatar kare ba ko kaɗan. Uku na harba, uku suka shiga.

Sai Jinbei ya miƙe. Ya taka da kansa daga inda nake har murfin yana ƙirga, ya sa yatsa cikin kowane rami, ya dawo. Ya ce, "Gurbin sama naka ne." Sannan ya ce, "Aikin wane ne?" Na ce, "Shagon Ihei, a Akita." Kin ga ban yi ƙarya ba.

Tambarinki kuwa ban taɓa shi da wuƙa ba. Na naɗe gindin ƙotar da ɓawon itace kamar yadda muke naɗe kuben wuƙa, yana nan a ƙasa lafiya. Kin ce na san abin da zan yi, na gode da kika fahimci halin da nake ciki. Gishiri ma ban kai kusa da ita ba.

Yayanki,
Sakuji

Akita, 28 ga Maris

Yaya Sakuji,

Na ji daɗi kuna lafiya. Na zarge ka da tsoro alhali ƙanƙara ce, ka yafe mini wannan.

Da na kai wurin uku cikin uku, rufe shago na yi na je kabarin Baba na gaya masa. Sai da na dawo na karanta ƙarshen takardar.

Ba abin da na ce ke nan ba. Nufina, in ba za ka iya da tambarin ba, ka dawo mini da kayana. Kai ma ka sani, ka dai karanta yadda ya fi maka sauƙi. Labulen Baba na ƙyalle ne, naka na ɓawon itace, kuma nasa ya fi, don shi ko ba komai yana shigowa ciki ya ce sannu.

Ba zan tona maka asiri ba. Ka hau dutsenka, ka harbi dabbarka, ka sauko lafiya. Kar ka sake rubuto mini.

Tome

Okusawa, 6 ga Mayu

Tome,

Kin ce kar in rubuto, ban ji ba. Ƙanƙara ta narke har ƙugun dutse, Kane na taka ƙafarta, ina fata ke ma lafiya.

Mun hau ranar ashirin da biyu ga Afrilu. A rana ta huɗu masu kora suka taso beyar daga kwari, ƙaton namiji. Ya ɓullo ƙasa da ni taku talatin, ya miƙe yana shinshina iska. Harbi ɗaya na yi, a farin da ke ƙirjinsa. Aka feɗe shi, Jinbei ya juya fatar a kansa ya yi addu'ar sallama yadda aka gada. Da ya gama sai ya karɓi bindigar ya shafa wuyanta, ya ce, "Uwar Dutse ta karɓi wannan. Hannun Ihei mai tsarki ne." Tun daga nan na kasa kallon ɓawon da ke gindin ƙotar.

Muka sauko tsakar gidan Jinbei don rabo. A wurinmu kashi ɗaya ne ga kowa, mai harbi ba ya fin mai kora ko da yanka ɗaya, muddin hannunka na cikin kisan. Aka yi kashi goma sha biyar a kan ganye. Jinbei ya ce kowa ya ɗauka. Na ce, "Saura ɗaya."

Ya ce, "Ido ɗaya ne da kai, Sakuji, ƙirga kuma ya gagare ka?"

Na zare wuƙa na yanke ɓawon, na juya gindin ƙotar na nuna musu. Na ce, "Ihei ya rasu tun bara. 'Yarsa Tome ce ta yi wannan, daga ƙarfe har itace. Ta kuma harba ta sau biyar kafin ni."

Heiji, da ya roƙa na ba shi bindigar ya riƙe a dutse, ya ruga rafi yana wanke hannu. Wani ya tofar da yawu. Jinbei ya tsaya yana kallona, ya ce, "Ka hau da mu goma sha huɗu a kan wannan, ba ka faɗa ba?"

Na ce, "Na hau. Wannan laifina ne, na amsa shi, kuma da wani ya mutu da ni na kashe shi. Amma dabbar nan da hannunta ta faɗi."

Na zaci duka zai kawo. Sai ya durƙusa, tsoho da shi, ya tattara naman nan gaba ɗaya wuri guda, ya sake rabawa da hannunsa, kashi goma sha shida. Heiji ya ce, "Shikari, mace fa!" Jinbei ya ce, "Rufe mini baki. Mai hannu a kisa yana da kashi, ba ni na kafa ba, ba ni zan rushe ba."

Sannan ya juyo kaina. Ya ce, "Ga ta biyu. Ka cire ƙotar nan ka ƙona ta a gaban ɗakin Uwar Dutse. Ka kai ƙarfen wurin maƙeri namiji ya kwaikwayi irinta, tunda yanzu an ga yadda ake yi. Ka yi haka, gurbinka na nan. In ka ƙi, ko kora ba za ka sake yi da mu ba."

Na san yana so in yarda, na gani a fuskarsa, don tare muka taso. Na ce, "Jinbei, ni na yi ƙarya, ƙotar ba ta yi ba. Ba zan ƙona ta ba." Na ɗauki kashi biyu na fita.

Shekaranjiya sun sake hawa, su goma sha huɗu, Heiji a gurbin sama. Ina tsakar gida ina gyaran garma na ji harbi biyu, na san ya kuskure na farko. Zafi nake ji, Tome, ba zan ɓoye miki ba. Wannan gurbin na nema, na same shi na kwana arba'in, ba kuma zan sake tsayawa a cikinsa ba. Amma ko yau aka sake tambaya ta, amsar ita ce dai.

Kashinki na cikin gangar da ke tare da takardar nan, Kane ta binne shi cikin miso don kar ya lalace a hanya. Kar ki yi mini godiya, ba kyauta ba ce. Jinbei ne ya auna shi da hannunsa a gaban maza goma sha huɗu, kuma da ya ajiye shi a kan ganye, sunanki ya kira.

Yayanki,
Sakuji